Majalisa ta Takwas: Su Wa Suka Zauna Cikinta, Me Kuma Ta Yi Daga 2015 Zuwa 2019?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, kuma an ba mu aiki a kan Majalisar Tarayya ta takwas, wadda Saraki da Dogara suka jagoranta. Wasu na cewa ita ce ta hana Shugaba Buhari rawar gaban hantsi a zangonsa na farko, wasu kuma na cewa tun 1999 ba a yi majalisa mai 'yanci kamarta ba. Yaya aka haɗa ta, me ta yi, kuma wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, duka maganganun biyu suna da ƙafar tsayawa, amma kowacce ta ɗauki rabin labari ne ta bar rabi. Ra'ayina shi ne, rigimar da aka kwashe shekara huɗu ana yi ba ta samo asali daga saɓanin aƙida tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa ba. Rikicin cikin gida ne na jam'iyyar APC ya shigo zauren majalisa, ya ari ikon da kundin tsarin mulki ya ba majalisar ya yi faɗa da shi. Daga nan alherin da aka samu ya fito, daga nan kuma ɓarnar ta fito.

Mu fara da ginin. Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, sai ɗaya ta Abuja. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360 da aka raba gwargwadon yawan jama'a, shi ya sa Kano da Legas ke da 24 kowaccensu, Bayelsa da Nasarawa kuwa biyar-biyar. Bayan zaɓen Maris na 2015, APC ta samu sanatoci kimanin 60, PDP 49. A Majalisar Wakilai ma APC ce ke da rinjaye da fiye da kujeru 200. Wannan ne karo na farko tun dawowar mulkin farar hula da PDP ta fito daga babban zaɓe a ɓangaren marasa rinjaye.

Sai dai lambobin nan suna ɓoye wani abu. APC ba ta fi shekara biyu da haihuwa ba a lokacin. An haɗa ta ne a 2013 daga ACN ta su Tinubu, da CPC ta Buhari, da ANPP, da wani ɓangare na APGA, daga baya 'yan Sabuwar PDP, wato ɓangaren da ya ɓalle daga PDP, suka shigo da gwamnoni biyar, ciki har da Kwankwaso da Wamakko da Amaechi. Da aka ci zaɓe, CPC ta samu shugaban ƙasa, ACN ta samu mataimaki, su kuwa 'yan Sabuwar PDP, waɗanda Saraki da Dogara ke cikinsu, suna ganin sun kawo ƙuri'a da ƙarfi amma ana shirin barinsu hannu rabbana. Ka ƙara da cewa Majalisar Dattawan cike take da tsoffin gwamnoni: Saraki na Kwara, Kwankwaso da Kabiru Gaya na Kano, Wamakko na Sakkwato, Yariman Bakura na Zamfara, Goje na Gombe, Aliero na Kebbi, Bukar Abba Ibrahim na Yobe, Abdullahi Adamu na Nasarawa, Jang da Dariye na Filato, Akume na Binuwai, Akpabio na Akwa Ibom. Mutanen da suka saba ba da umarni ne, ba karɓa ba. Mata kuwa ba su kai goma ba a cikin sanatoci 109, kuma daga jihohin Arewa 19 mace ɗaya ce tal, Binta Masi Garba ta Adamawa ta Arewa. Wannan giɓi ya nuna kansa a Maris na 2016, sa'ad da ƙudirin daidaita damar maza da mata na Sanata Biodun Olujimi ya faɗi tun a karatu na biyu.

Abin da ya faru ranar 9 ga Yuni, 2015, shi ne ya ɗora majalisar a kan hanyar da ta bi har ƙarshe, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Kwana uku kafin ranar, APC ta yi zaɓen gwaji ta tsayar da Ahmad Lawan na Yobe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, Femi Gbajabiamila na Legas ya zama Kakaki. Da safiyar ranar rantsarwa aka kira 'yan majalisar APC taro a babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa da ke Abuja, aka ce shugaban ƙasa zai gana da su. Sanatoci 51 suka tafi can suna jira. Su kuwa sauran 57, mafi yawansu 'yan PDP, suna zaune a zaure ƙarfe goma na safe, lokacin da takardar shugaban ƙasa ta sa a buɗe majalisa. Akawun Majalisa Salisu Maikasuwa ya kira suna, aka nemi 'yan takara, aka gabatar da Bukola Saraki shi kaɗai, aka rantsar da shi. Kafin na wancan ɗakin taro su iso a guje, aikin gama ya gama. Daga nan Ike Ekweremadu na PDP ya kayar da Ali Ndume da ƙuri'a 54 da 20 ya zama mataimaki. Jam'iyya mai mulki ta wayi gari mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa ɗan adawa ne. A Majalisar Wakilai an yi zaɓe na gaske, kowa na nan, Yakubu Dogara na Bauchi ya samu 182, Gbajabiamila 174, tazarar ƙuri'a takwas. Yusuf Lasun na Osun ya zama mataimakinsa.

Shin an karya doka? Sashe na 50 na kundin tsarin mulki ya ce 'yan majalisa ne za su zaɓi shugabanninsu daga cikinsu, bai ambaci jam'iyya ba. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku sun isa a zauna, wato sanatoci 37. Ta fuskar doka babu inda aka kauce. Kuma ba sabon abu ba ne, domin a 2011 Aminu Tambuwal ya zama Kakaki ne da ƙuri'un 'yan adawa, a kan 'yar takarar da PDP ta tsayar. Amma ta fuskar amana, ranar ta bar rauni da bai warke ba. Saraki da Dogara sun hau ne da ƙuri'un PDP, dole su biya. Da aka zo raba kwamitoci 96 na Majalisar Wakilai, PDP ta samu kusan rabin shugabancinsu. Ita kuwa jam'iyya ba ta da yadda za ta sauke su, domin tsige shugaban zaure yana bukatar kashi biyu cikin uku na mambobi, kuma APC ba ta taɓa kai wa wannan adadi ba.

Wata uku bayan ranar rantsarwar, a Satumbar 2015, aka gurfanar da Saraki gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata bisa zargin ƙarya wajen bayyana kadarorinsa tun yana gwamna. Duk ranar da zai je kotu, ayarin sanatoci kan bi shi, wani lokaci har zaman majalisa ya tsaya. A 2016 aka ƙara masa wata tuhumar, shi da Ekweremadu, ta sauya dokokin zaman majalisa ta bayan fage, wadda gwamnati ta janye bayan 'yan watanni. Shari'ar kadarori kuwa sai a Yulin 2018 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Ka ga kusan shekara uku cikin huɗu, mutum na uku a ƙasa yana ganin ɓangaren zartarwa na neman ɗaure shi, ɓangaren zartarwa kuma na ganin ya ƙwaci kujera. Duk wani aiki da za ka auna, da wannan a zuciya za ka auna shi.

To, aikin majalisa iri huɗu ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, tantance waɗanda shugaban ƙasa ya naɗa, da bin diddigin yadda gwamnati ke aiki.

A wajen tantancewa da bin diddigi ne ta fi yin suna. Ta ƙi amincewa da Ibrahim Magu a matsayin shugaban EFCC har sau biyu, a Disambar 2016 da Maris na 2017. Abin lura, hujjar da ta kafa rahoto ne na hukumar DSS, wadda ita ma ƙarƙashin shugaban ƙasa take, abin da ke nuna cewa fadar ma kanta ba a haɗe yake ba. Gwamnati ta bar Magu a matsayin muƙaddashi, majalisa ta rama da ajiye sunayen wasu da aka aiko mata. Wannan ja-in-ja ta kai ga kwamitin tsara manufofin kuɗi na Babban Banki bai iya zama ba a Janairun 2018, saboda ba a tantance sabbin mambobinsa ba, adadin bai cika ba. A Nuwambar 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da bukatar cin bashin dala biliyan 29.96 daga waje, ta ce ba a kawo mata cikakken bayani ba. Kwamitin Sanata Shehu Sani ne ya tono kwangilar cire ciyawa a Yobe, daga kuɗin da aka ware don farfaɗo da Arewa maso Gabas, binciken da ya kai ga dakatar da Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal a Afrilun 2017 da korarsa a Oktoba. Adalci ne a ƙara cewa kotu ta sallame shi a 2022. Waɗannan ayyuka ne na majalisa mai rai, kuma ina yaba mata a kansu, ko da niyyar wasu ba tsarkakakkiya ba ce. Amma akwai inda aka ɓata lokacin jama'a. Makonnin da aka kwashe a Maris na 2017 ana jayayya kan ko Hameed Ali na Kwastan zai sa kaki kafin ya shiga zaure ba su rage wa kowa tsadar shinkafa ba, ga shi kuwa ƙasar na cikin karayar tattalin arziki.

Kasafin kuɗi ne ya fi ba ni ciwo, domin nan ne talaka ya biya kuɗin rigimar. Kasafin 2016 an gabatar da shi 22 ga Disamba, 2015, aka yi ta cece-kucen wai takardun sun ɓata, ba a sa masa hannu ba sai 6 ga Mayu. Na 2017 sai 12 ga Yuni, Osinbajo ne ya sa hannu yana muƙaddashi. Na 2018 an kai shi tun 7 ga Nuwamba, 2017, amma sai 20 ga Yuni, 2018 ya zama doka, fiye da wata bakwai ke nan. Ka duba abin da wannan ke nufi a ƙasa: kuɗin hanya ko madatsar ruwa yana fitowa ne bayan damina ta sauka, ɗan kwangila ba zai iya zuba kwalta ba, kafin ƙasa ta bushe shekara ta kusa ƙarewa. Laifin na ɓangarori biyu ne. Ministoci da shugabannin hukumomi sun riƙa jan ƙafa wajen zuwa kare kasafinsu, su kuma 'yan majalisa sun riƙa sauya abin da aka kawo yadda suka ga dama. Ranar da Buhari ya sa hannu a kasafin 2018, wanda aka ɗaga daga naira tiriliyan 8.6 zuwa 9.12, ya yi ƙorafi a fili cewa an zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700, aka cusa sabbin ayyuka 6,403 na naira biliyan 578. Majalisa ta ce tsarin mulki ya ba ta wannan iko, kuma lallai ya ba ta ikon gyara. Sai dai rage kuɗin babbar hanyar da ta ratsa jihohi don a raba shi zuwa ƙananan rijiyoyin burtsatse da fitilun titi a mazaɓu, ba shi ne amfani mafi kyau da wannan iko ba. Duk da haka, a cikin wannan kasafin ne majalisa da kanta ta ware naira biliyan 55 ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shiga da dokar lafiya ta 2014 ta tanada amma ba a taɓa sakawa ba. Wannan aiki ne mai kyau da ba a cika tunawa da shi ba.

Inda majalisar ta gaza sosai shi ne duba kanta. A Yulin 2016 Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji, bayan ya rasa shugabancin kwamitin kasafi, ya zargi Dogara da Lasun da Alhassan Ado Doguwa da Leo Ogor da yin aringizo a kasafin kuɗi da kuma ware wa kansu kaso mai tsoka daga naira biliyan 100 na ayyukan mazaɓu. Sun musanta. Maimakon a buɗe bincike a gaban jama'a, sai aka dakatar da shi kwanakin zama 180, mutanen mazaɓarsa suka zauna babu wakili har Maris na 2018. Ndume, wanda aka sauke daga shugabancin masu rinjaye a Janairun 2017 aka ba Lawan, an dakatar da shi wata shida saboda ya nemi a binciki zarge-zargen da jaridu suka yi wa Saraki da Dino Melaye. Ovie Omo-Agege ma an dakatar da shi a Afrilun 2018. Duka ukun kotu ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Majalisar da ke neman 'yanci daga fada ta kasa jure 'yancin 'ya'yanta, wannan kuwa aibi ne babba. Ko maganar kuɗin da suke karɓa, sai da Shehu Sani ya faɗa da bakinsa a Maris na 2018 cewa kowane sanata na samun naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. An dai buɗe kasafin majalisar na naira biliyan 125 a 2017 bayan shekaru yana rufe, amma a dunƙule aka nuna shi.

Shekarar 2018 ce abin ya kai intaha. Ranar 18 ga Afrilu wasu 'yan daba suka kutsa zauren Majalisar Dattawa ana tsakiyar zama suka ɗauke sandar majalisa, washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta ƙarƙashin wata gada a Abuja. Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ƙi amsa gayyatar sanatoci har sau uku. Ranar 24 ga Yuli sanatoci fiye da goma, ciki har da Kwankwaso, da 'yan Majalisar Wakilai 37 suka fice daga APC, mako guda bayan haka Saraki ya bi su zuwa PDP. Akpabio kuma ya yi akasin haka, ya bar shugabancin marasa rinjaye ya koma APC. Ranar 7 ga Agusta jami'an DSS da fuskoki a rufe suka tare ƙofar majalisa, kafin yamma Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya kori shugaban hukumar Lawal Daura. Sashe na 68 ya ce wanda ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai idan jam'iyyarsa ta rabu, kuma kowa ya fake da wannan togaciya.

A cikin wannan ƙura an yi dokoki, wasunsu masu nauyi. An kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas, dokar da aka sa wa hannu a Oktobar 2017, don Borno da Yobe da Adamawa da Bauchi da Gombe da Taraba. A Disambar 2017 aka samu dokar hana azabtarwa, da dokar da ta tilasta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ranar 31 ga Mayu, 2018 aka sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, amma sanatoci suka bar nasu da na gwamna a 35. Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya ta fito a Janairun 2019 bayan shekaru tana yawo daga majalisa zuwa majalisa. Mafi ƙarancin albashi, gwamnati 27,000 ta aiko, majalisa ta mayar da shi 30,000, aka sa hannu 18 ga Afrilu, 2019. Akwai kuma dokar 2017 da ta ba ƙaramin ɗan kasuwa ko manomi damar jinginar da injinsa ko dabbobinsa ya ci bashin banki, ba sai yana da takardar fili ba. A gyaran kundin tsarin mulki an samu 'yancin kuɗi ga majalisun jihohi da kotunansu, amma ƙudirin rage wa tarayya iko a ba jihohi ya faɗi a Majalisar Dattawa a Yulin 2017, na 'yancin ƙananan hukumomi kuma bai samu jihohi 24 da ake bukata ba.

Sannan akwai gomman ƙudirorin da suka mutu a teburin shugaban ƙasa. Biyu sun fi muhimmanci. Na farko shi ne na sake fasalin tafiyar da harkar man fetur, wanda Buhari ya ƙi sa wa hannu a 2018. Na biyu shi ne gyaran dokar zaɓe, wanda ya mayar sau huɗu a shekara ɗaya. A karon farko majalisa ta cusa sauya jerin zaɓuka ta yadda nata zai zo farko, na shugaban ƙasa ya zo ƙarshe, abin da kowa ya san inda ya dosa. A karon ƙarshe, Disambar 2018, shugaban ya ce zaɓe ya matso. Sakamakon shi ne aka shiga zaɓen 2019 na'urar tantance katin zaɓe ba ta da gindi a cikin doka. Da majalisa ba ta haɗa gyara mai amfani da dabarar siyasa tun farko ba, da wuya a samu hujjar mayar da shi, kuma da fada na son gyaran da gaske, da an daidaita tun da sauran lokaci. Sashe na 58 ya ba majalisa damar tsallake shugaban ƙasa da kashi biyu cikin uku na kowane zaure, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya Neja Delta. Majalisa ta takwas, da duk ƙarfin da ake cewa tana da shi, ba ta iya yin haka ko sau ɗaya ba.

Saboda haka idan za ka rubuta aikinka, kada ka ce ta hana Buhari aiki gaba ɗaya. Shi da kansa ya ɗauki fiye da wata biyar kafin ya rantsar da ministoci a Nuwambar 2015, kuma majalisa ta amince da duka 36. Kada kuma ka kira ta gwarzuwar dimokuraɗiyya ba tare da ka ambaci Jibrin da Ndume da kasafin da ke fitowa a watan Yuni ba. Hanya mafi inganci ita ce ka jera ta da wadda ta gaje ta. A zaɓen 2019 Saraki ya faɗi a Kwara ta Tsakiya a hannun Ibrahim Oloriegbe, Shehu Sani da Akpabio ma ba su dawo ba, Dogara ya dawo amma a kujerar adawa. Ranar 11 ga Yuni, 2019 Lawan ya kayar da Ndume da ƙuri'a 79 da 28, Gbajabiamila ya zama Kakaki. Majalisa ta tara ta sa an rattaba hannu a kasafin 2020 tun Disambar 2019, ta kammala dokar kamfanoni a 2020, dokar man fetur a 2021, dokar zaɓe a Fabrairun 2022, dukansu a kan harsashin da ta takwas ta bari. Ita ce kuma ta amince da bashin dala biliyan 22.7 a Maris na 2020, sannan a Mayun 2023 ta halasta naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta ara daga Babban Banki ba tare da ta nemi izininta ba tun farko.